Benen da Ke Bayan Babanmu

A ɗakin kakata hoto ɗaya ne,
rataye da ƙusa sama da randa.
Babanmu ne cikin kwat,
hannunsa a kan tarho baƙi,
bayansa bene mai farar matakala,
tagogi shida, jajayen furanni,
da tafki shuɗi da agwagi biyu.
"Jos ke nan," in ji kaka,
tana goge gilashin da bakin zaninta.

Shekara tara ina hawa matakalar nan da ido.
Na zaɓi taga ta uku daga dama, na ce ɗakina ne.
Har suna na raɗa wa agwagin.

Ranar da motar dankali ta sauke mu,
sanyi ne ya fara yi mini maraba.
Na ga duwatsu sun goya juna
kamar wani ya jera su ya manta,
amma babu su a hoton,
don haka ban yarda da su ba.
Aka bi da ni lungu-lungu har Gangare:
ɗaki ɗaya, labule, risho,
da bokiti mai jiran yoyon kwano.
Ban yi kuka ba.
Na dai ce, "Baba, yaushe za mu ƙarasa gida?"

Ya yi yaƙe.
Washegari ya riƙe hannuna zuwa shagon Ilu mai hoto.
Can na iske benena a kan igiya,
yana rangaji duk aka buɗe ƙofa.
Yadi ne.
Tarhon ba ya haɗe da komai, kwat ɗin na kowa ne.
Wani Gyang ya zana shi da fentin mota,
mutumin da, in ji Ilu, bai taɓa kwana a bene ba,
shi ma a kalandar kamfanin kuza ya gani.
Na sa hannu na taɓa tagata.
Fenti ya ɓare, ya shige mini farce.

An jima da yin wannan. Yanzu ni ce mai furfura.
Shekarar da gari ya rikice
dangi suka yi ta kira daga nesa:
"Mun gan ku a talabijin, ko'ina hayaƙi!"
Ina tsakar gida a lokacin,
Nanret maƙwabciyata tana miƙo mini gishiri ta kan katanga,
hannunta na rawa, nawa na rawa.
Hayaƙin gaskiya ne, na shaƙe shi, na san wanda ya tafi da shi.
Gishirin ma gaskiya ne,
sai dai mai kyamara bai biyo ta layinmu ba.

Jikata Hajjo kuwa a tafin hannu take ɗauke da shagon Ilu.
Takan juya wa kwata baya,
ta nemi bangon otal mai fitilu,
ta shafe ƙurajen goshinta da ɗan yatsa,
ta aika wa duniya.
Na buɗe baki zan yi faɗa
sai na tuna kwat ɗin.

Jiya a kasuwar Farin Gada ina taya kabeji
ruwa ya tsuge.
Mai kayan ya jawo wani tsohon yadi ya rufe tumatir.
Ga matakala, kai ƙasa.
Ga tafki, ya koɗe ya koma ruwan toka.
Agwagwa ɗaya ce ta rage, ɓera ya cinye ɗayar.
Na ce, "Yaro, a ina ka samo wannan?"
Ya ce, "Mama, tsumma ne. Kwando nawa za a ba ki?"

Na tsaya ruwa na dukana
ina ƙirgawa daga dama.
Ɗaya, biyu.
Tagar tana nan, a buɗe,
yadda na bar ta.